Aiken Inna: Duba Jirgin Bashir a Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A islamiyya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kawo mana nono sai da ta sauke ƙwaryarta a zaure ta ce, "Maman Ummi, wai da gaske ƙaninki jirgin sama ya ƙera da hannunsa?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji wata tana rantsuwa wai ni ma na tuƙa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Da farko dai, aike ne ya kai ni. Bashir shi ne autan Innarmu. Ya daɗe a Jidda yana aikin gyaran ƙananan jirage, a can ma ya yi aure. Shi da kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, suka sayi wani jirgi mai kujera biyu, irin wanda ake sayarwa a wargaje cikin akwatuna mutum ya haɗa abinsa da kansa. Shekaru suna fama da shi. Bashir ya koyi tuƙi, ya karɓi takarda. Amma ranar da ya turo wa Inna hoton, kife wayar ta yi a kan tabarma ta ce ba da yawunta ba. Shi kuma ya yi mata alkawari tayar jirgin ba za ta bar ƙasa da shi a ciki ba sai ta ce ta yarda. Aiki ya zo ƙarshe, Inna ba ta sauko ba.

Da ya aiko mini da takardar ziyara don in yi Umra, sai ta kira ni ɗaki ta ce, "Rabi, ke ba kya yi mini ƙarya don ki faranta mini. Je ki duba abin nan da idonki. In makara ya haɗa wa kansa, ki faɗa mini, ya haƙura har abada. In kuma kin ga wani abu daban, zan saurara." Na fito ina tunanin yadda zan yi, don ni duk abin da na sani game da inji bai wuce janareton gidanmu ba.

Malam, maigidana, shi ya raka ni daga Malumfashi zuwa Kano. Inna ta haɗa mini tsaraba, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa ƙulli guda mai girma, ban da goro, don Bashir ya yi gargaɗi cewa ba a shiga da shi. Tun kafin mu kai Gwarzo daddawar ta fara sallama da mutane. Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Jama'a, wa ya ɗauko mana miya ba tuwo?" Na sunkuyar da kai, Malam kuwa ya juya yana kallon taga kamar bai taɓa ganina ba.

A jirgi Allah Ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Gaya mai fataucin abaya, wadda ta ce ta daina lissafin zuwanta. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta ce in haɗiye yawu in kunnena ya toshe. Da jirgin ya ɗaga na rintse ido ina ta salati. Da na buɗe sai na ga fiffike yana ɗan rawa a cikin gajimare. Na ce a raina, wannan katafaren ma rawa yake, ina ga na Bashir?

Mun sauka lafiya, sai ga matsala a wajen duba fasfo. Ana jibi zan tafi maƙwabtana suka zo suka yi mini ƙunshi, baƙi da ja, har kan yatsu, wai kada in je ƙasar mutane da hannu fari. To na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ce ba ta san zance ba. In ɗora, ta yi ja. In goge a hijabi, in sake ɗorawa, ta yi ja. Ma'aikaciyar, wata yarinya mai niƙabi, idonta kawai nake gani, amma na san dariya take. Ta zuba mini wani ruwa mai sanyi a tafin hannu, ta kama yatsuna tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir, har aka dace. Kafin ta sake ni sai da ta juya hannun ta kalli zanen ta ce, "Masha Allah." Gaba kaɗan wani jami'i ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya da sauri. Hajiyar Gaya ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa cewa kayan miya ne. Bai ko bari ta gama ba, ya toshe hanci da hannu ɗaya yana kora mu da ɗayan: "Yalla, yalla!"

Bashir na tsaye a waje cikin farar jallabiya, ya yi ƙiba, har da furfura a gemu. Autan Inna da furfura! Na fashe da kuka. Ya ce, "Haba Yaya, daga zuwa?" Muna fita daga sanyin ginin iskar Jidda ta buge ni, kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata. Zafinsu jiƙaƙƙe ne, ba irin namu ba. Kana tsaye kawai za ka ji kaya sun manne maka.

Gidansa a unguwar Safa yake, bene hawa-hawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu tsakar gida, kuma ƙofa tana kallon ƙofa amma ba mai leƙo wani. Na tambayi matarsa Samira sunan maƙwabciyarta ta ce ba ta sani ba. A Malumfashi da an yi baƙuwa daga ƙasar waje, kafin ta cire takalmi an cika ɗaki. Ita Samira a Jidda aka haife ta, iyayenta mutanen Damagaram ne. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci. "Abla, kin gaji marra, yalla shiga ki yi istiraha." Abla wai yaya ke nan, istiraha kuma hutu. Yarinyar kirki, ba ta bari in ɗauki ko cokali.

Da safe wake ake ci dakakke da man zaitun, ana dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, kuma wallahi ya yi mini daɗi. Wanda ban gane ba shi ne saliƙ, shinkafa da aka dafa da madara har ta narke aka ɗora kaza a kai. Na zaci abincin majinyata ne, har na tambaya wa ba shi da lafiya. Sai gahawa. A gidan iyayen Samira aka riƙa zuba mini ita a ɗan mitsitsin kofi, in shanye don kada a ce na raina, a sake cikawa. Ni kunya, su karamci. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu sannan Samira ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

Umra kuwa ba ni da bakin ba da labarinta. Da na ga Ka'aba sai na ɗaga hannu. Na yi wa Baba addu'a, Allah Ya jiƙansa, na yi wa Inna da yara da duk wanda ya ba ni saƙo. Sannan na roƙi Allah Ya nuna mini gaskiyar abin da aka aiko ni dubawa, kada son ƙanina ya rufe mini ido, kada kuma tsoro ya sa in zalunce shi.

Da muka dawo muka je gaida Gwaggo Hauwa, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta zo aikin Hajji tun kafin a haife ni ta zauna. A Ammariyya take, tsohuwar unguwa mai lunguna. Nan na ji kamar na dawo gida: ga ƙamshin tsire, ga Hausar Nijar, ga ta Chadi, kowa na yi wa kowa sannu. Gwaggo tana dama fura tana sayar wa mutanenmu, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Ta rungume daddawar kafin ta rungume ni. Da ta ji zancen jirgi ta dubi Bashir ta ce, "Kai, ɗan nan, za ka hau sama ban sa maka albarka ba? Wallahi ƙafata ƙafarka." Ya ce ranar da za a fara tayar da inji zai zo ya ɗauke ta.

Kafin ranar sai ya kai ni wajen jirgin ni kaɗai. Wurin yana bayan gari, an wuce gine-gine an shiga rairayi, ga wani ɗan fili da rumfunan kwano inda masu ƙananan jirage ke ajiye abinsu. Da aka zuge ƙofa sai ga jirgin. Fari ne mai ratsin kore, kyakkyawa, amma ƙarami, fukafukansa iya ƙuguna. Kafilin nasa, Abu Nayif, dattijo ne mai fara'a da ya yi ritaya daga tuƙin manyan jirage. Ya dafa ƙirji ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini kujera da dabino.

An cire murfin injin, Bashir ya kwanta a ƙarƙashi da waɗansu siraran tiyo a hannu, ba su fi kaurin fensir ba. Ina zaune sai na ji warin fetur, na duba na ga ɗigo ya faɗo ƙasa. Na miƙe tsaye. "Innalillahi! Bashir, yoyo yake yi!"

Ya fito yana dariya yana goge hannu. "Zauna Yaya. Shi ne aikin da nake yi. Kin tuna indararon soron Baba?"

Na ce na tuna.

"Ruwan sama dole ya sauka a kan soro, ba mai hana shi. Abin da ake yi, a ba shi hanya ya zubo can nesa da bango. To haka inji yake. Wani lokaci in an zo tayarwa mai yakan yi yawa ya taru a ƙasa, ko famfon mai ya samu rauni ya fara tsiyaya. In ba a ba shi hanya ba, kan wannan zai ɗiga." Ya nuna mini salansa, ya ce in inji na aiki zafinta ya wuce na garwashi. "Waɗannan tiyo su ne indararon. Su kwashe shi su fitar ta ƙarƙashin jirgi, iska ta tafi da shi."

Na wuni ina kallonsa. Ashe ba a jefa tiyon yadda aka ga dama. Dole ya riƙa gangarowa tun daga sama har ƙasa, kada ya yi ciki a tsakiya inda mai zai kwanta. Kada ya gogi bakin ƙarfe, don girgizar inji za ta sa ya tsage. Duk inda ya bi sai an kama shi da maɗauri mai roba a ciki. Bashir ya gama ɗaure ɗaya tsaf, ya zura yatsu tsakaninsa da salansa, sai ya ɗauki sifana ya fara kwancewa. Abu Nayif ya ɗaga hannu sama. "Halas ya Bashir, halas!" Wato ya isa haka. Bashir ya ce inji yana motsi a mazauninsa, abin da yake nesa yanzu zai iya matsowa a sama. Ya sake bi da shi ta wani gefen, ya ba ni tocila in haska masa, sannan ya zuba ɗan mai ta sama muka tsuguna muna jira. Ya fito ta ƙasa, ɗis, ɗis, cikin gwangwani. Ya yi murmushi kamar an yi masa albishir da haihuwa.

A hanyar komawa ya ce, "Yaya, me za ki gaya wa Inna?" Na ce ban sani ba tukuna. Kuma gaskiyata ke nan. Na ga yana da kula, amma raina bai kwanta ba.

Ranar tayar da inji muka ɗunguma har da Samira da Gwaggo, wadda ta sha ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, ta rungumo jakarta. Ta zagaya jirgin tana tofa addu'a, ta ƙwanƙwasa fiffike ta ce, "Wannan ai langa ce." An turo shi bakin rumfa, an zuba mai tun da safe, komai ya kammala, sai aka kira la'asar. Maza suka tafi ɗan masallacin filin, Samira ta tafi neman wurin alwala. Gwaggo ta ce ita ƙafa ta dame ta, a zaune za ta yi tata, in fara. Na shimfiɗa darduma na tayar da salla.

Ina tahiyar ƙarshe na ji wani ɗan ƙara, ƙwas. Da na sallame na waiga, sai ga Gwaggo a tsaye jikin fiffike tana mayar da murfin tankin mai, da 'yar gora a hannunta, babu komai a ciki.

"Gwaggo, me kika zuba?"

"Zamzam. Na sa masa albarka a cikin cikinsa, inda za ta zauna. Yayyafi a waje ai rana ce za ta shanye." Ta nuna ni da yatsa. "Ke kuma ki kama bakinki. Yaran zamani komai sai sun yi gardama."

Na san abin da ruwa ke yi wa janareto in ya shiga fetur: ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. A ƙasa sai a kunna fitila. A sama fa? Amma ga ƙanwar ubana, ga baƙon Balarabe, ta yaya zan tona ta a gaban mutane? Na yanke shawara ko za ta yi fushi da ni har abada, ba zan bari a murɗa makulli ba. Da suka dawo na nufi Bashir na ce, "Zo, ina da magana."

"Ɗan jira ni Yaya, in gama wannan."

Ya ciro wani ɗan kofi garai-garai daga aljihu, ya durƙusa a ƙarƙashin fiffike. Abu Nayif ya yi masa magana, Samira ta fassara mini: wai ai sun duba da safe. Bashir ya ce tun da ya bar jirgin ya tafi wani wuri, sai ya sake dubawa. Ashe a ƙasan kowane tanki akwai wata 'yar magudana, in an danna sai mai ya tsiyayo. Man jirgi shuɗi ne kamar ruwan bula. Ya ɗaga kofin sama yana kallo ta hasken rana. Ko ni daga inda nake na gani: shuɗi a sama, fari tas kwance a ƙasa. Ya juye a gwangwani ya sake tara. Ruwa. Ya sake. Ruwa.

Fuskar Abu Nayif ta canza. Ya ciro waya yana faɗa da ƙarfi, Samira ta ce mai tankar da ya kawo musu mai zai kira, wani bawan Allah ɗan Sudan, wai sai ya sa an kore shi daga aiki. Na dubi Gwaggo. Ta dubi ƙasa, ta dubi sama, sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Kai, gaya wa Balaraben nan ya ajiye waya, kada ya ɗauki alhakin ɗan mutane. Ni ce. Kuma ba ruwan banza ba ne, Zamzam ne."

Bashir ya dubi kofin, ya dubi Gwaggo. Abu Nayif ya tambaya me ta ce, Samira ta gaya masa tana rufe baki da mayafi. Sai dattijon nan ya zauna daɓas a kan akwatin kayan aiki yana dariya har hawaye, yana ta faɗin "La ilaha illallah." Da ya lafa ya taso ya sumbaci Gwaggo a ka, yadda suke yi wa iyayensu. Ni abin da na tsaya kallo shi ne Bashir. Na san aikin yini guda ne ya rushe masa, amma ya durƙusa gabanta ya ce, "Gwaggo, na gode da addu'a. Amma shi wannan ba ya shan ruwa ko na Zamzam ne. In ya sha a sama, tsayawa zai yi."

Idon Gwaggo ya ciko. "Da na kashe ka ke nan?"

"Da ban duba ba. Amma ai ina dubawa."

"To," ta ce tana sharar ido, "kada dai ka zubar mini da shi inda ake takawa."

Haka aka yi. Ya tace ruwan a gwangwani, ita da kanta ta kai shi gindin wata ƙaya can nesa ta juye. Su kuma suka zauna tsiyaye tankin gaba ɗaya, suka buɗe matatar mai suka wanke. Ranar dai ba a tayar da inji ba. A mota Gwaggo ta ce mini, "Ke kuma na gan ki, tona ni za ki yi." Na ce, "Ƙwarai kuwa Gwaggo." Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, marar kunya."

Sai ana gobe zan taho aka tayar. Farfela ta juya, ta yi tari sau ɗaya, sannan ta kama da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Ni ban kalli farfelar ba, ƙarƙashin jirgin na zura wa ido. Na ga ɗan ɗigo ya fito ta bakin tiyon nan, nesa da salansa, iska ta kwashe shi. Gwaggo daga nesa aka zaunar da ita, Samira na riƙe da jakarta.

Na sauka Kano da ƙafa a kumbure da jarkar Zamzam da dabino. Da na iso gida ban ko kwance kaya ba na wuce wajen Inna. Ta sallami jikoki, ta rufe ƙofa ta ce, "Ina jin ki."

Na ce, "Inna, ni ban san jirgi ba. Ba zan ce miki ba zai faɗo ba, wannan na Allah ne. Amma ga abin da idona ya gani." Na kwashe komai na gaya mata, tun daga tiyon da ya kwance ya sake ɗaurewa har zuwa gorar Gwaggo. Ta yi dariya har da tari, ta ce Hauwa ko a Aljanna sai an sa mata ido. Sannan ta ɗauki carbi tana ja.

"Ba ke kika gaya masa ba?"

"Ban samu na faɗa ba, ya riga ni."

"Kuma ya riga ya duba da safe?"

"Ya duba."

Ta miƙo mini wayarta. "Kira mini shi."

Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar dama wayar na hannunsa. Bayan gaisuwa ta ce, "Auta, kofin nan da Rabi ta ce, kullum za ka riƙa dubawa? Ko kana sauri, ko Balaraben ya ce halas?"

"Kullum, Inna."

"Sau nawa ka tashi da jirgin nan?"

"Ban taɓa ba, Inna. Ke nake jira."

Ta dube ni, sannan ta matso da wayar kusa da bakinta.

"To ka daina jira. Allah Ya kai ka, Ya sauko da kai."